Kwabo Mai Huji: Sana'ar Masu Tantance Tsoffin Kuɗi a Ƙasar Rano da Kibiya

Ba sabon abu ba ne a ƙasar Rano da Kibiya a buɗe adakar wata dattijuwa ranar rabon gado, ko a rushe tsohon ɗakin ƙasa za a tayar da na bulo, a ci karo da ƙullin tsumma ko ɗan gwangwani cike da kuɗin da. Aninai da kwabbai masu huji an jera su a zare, taro da sisi sun yi baƙi ƙirin, ga sule, ga fataka, wani lokaci har da liyar ta azurfa mai hoton mace. Magada kan jujjuya su a hannu, a tuna zamanin da kwabo ke sayen ƙosai, daga nan a rasa yadda za a yi da su. Wani ya ba yara su yi wasa, wani ya auna wa ɗan gwangwan a sikeli, wani kuma ya tura su ƙarƙashin katifa don ya ji a waya cewa akwai kwabon da ke sayen mota.

Tsakanin mai zubarwa da mai mafarki akwai mutum na uku, shi ne mai tantancewa. Sana'arsa ba ta da layi a kasuwa, ba ta da sarki irin na maƙera ko na pawa. A gefen wata sana'ar ake yin ta. Za ka same ta a hannun ɗan koli mai sayar da duwatsun wuya, ko maƙerin fari mai neman azurfar zobe, ko dillalin kayan tarihi da ke bin kasuwannin ƙauye yana tarawa ya kai Kasuwar Kurmi a birnin Kano. Mafi yawansu nauyi da irin ƙarfe kawai suke dubawa. Ƙalilan ne suka kai matakin da ake ganin ƙwarewar sana'ar, wato a ɗauki kwabo a faɗi inda aka buga shi, a wace shekara, kuma ko aibin da ke jikinsa daga gidan buga kuɗi ya fito da shi, ko kuwa a hannun mutane ya same shi. Wannan bambanci shi ke raba ƙarfen banza da abin da masu tara tsoffin kuɗi na duniya ke neman sa ido rufe.

Yadda ƙarfe ya kori wuri

Rano ɗaya ce daga cikin Hausa Bakwai, kuma a labarin gargajiya ita da Kano ake kira sarakunan baba, saboda shaharar rini. Cinikin turkuɗi da saƙi da auduga na wannan yanki da wuri aka yi shi shekaru aru-aru. Ƙarfen da manyan fatake suka sani shi ne liyar, dalar azurfa ta ƙasar Ostiriya mai hoton Sarauniya Mariya Tereza. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya sauka Kano a 1851, wuri 2,500 ake ba da dala ɗaya.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903, bayan sun biyo ta Bebeji, maƙwabciyar Rano. A 1907 aka fito da anini da kwabo na farko masu ɗauke da sunan Najeriya da Afirka ta Yamma. An huda tsakiyarsu don a riƙa zura su a zare, an rubuta darajarsu da harufan Larabci don masu karatun allo, a bayansu kuma aka zana tauraro mai tsini shida, irin wanda ya hau tutar mulkin mallaka bayan haɗewar 1914. Aninin farko da alminiyam aka yi shi, yana cikin kuɗin alminiyam na farko da aka taɓa kashewa a duniya, amma bai jure gumi da damina ba, sai aka koma farin ƙarfe na haɗin jan ƙarfe da nikel tun daga 1908. A 1911 aka ƙaro ɗari, wato rabin kwabo. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma mai mazauni a Landan, wadda ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913.

Abu biyu ne suka cusa waɗannan kuɗi cikin kowane gida a Rano da Rurum da Kibiya da Bunkure: haraji da gyaɗa. Hukuma ta ce da ƙarfenta za a biya haraji da jangali, jirgin ƙasa kuma ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe daga kakar 1912. Manomi ya kai gyaɗa kan sikeli, ya dawo da sulalla. Banki ya yi masa nisa, takardar kuɗi kuwa abincin gara ce, don haka tukunya da rami suka zama ma'ajiya. Anini goma kwabo ɗaya, kwabo goma sha biyu sule, sule ashirin fam, fam ɗari jaka guda. Da aka yi canji a 1959, lokacin da Babban Bankin Najeriya ya fito da kuɗin Tarayya, taro mai kusurwa goma sha biyu da hoton auduga, fataka da hoton gyaɗa, da kuma canjin ranar 1 ga Janairu 1973 da ya kawo naira da kwabo, an bar tukwane da yawa a ƙasa, masu su sun rasu ko sun manta. Waɗannan tukwane su ne gonar mai tantancewa a yau.

Kunnen kakanni

Duban kuɗi ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar Hausa. A zamanin sulalla jabu ya yi yawa, kuma duk mai saye da sayarwa sai da ya zama masani a dole. Mahauci kan jefa sule kan dutse ya saurara. Na gaske yana da amo mai tsawo, na dalma kuwa ƙwal ɗaya yake yi ya mutu. Mai goro kan sa haƙori ya ɗan ciza, mai koli kan goga a tafin hannu ya ga ko launi zai tashi. Yawan jabun ne ya sa daga 1938 aka riƙa yi wa sule da fataka wani ɗan kwarmi a kewayen bakinsu, mai ƙananan ɗigo a ciki, wanda mai zubin gida ba ya iya kwaikwaya da kyau. Tsofaffin da suka yi kasuwanci a wancan lokaci har yanzu in ka miƙa musu sule, bakin suke fara shafawa da farce kafin su dubi hoton sarki.

Mai tantancewa na yau wannan kunne da wannan farce ya gada. Abin da ya ƙara a kai shi ne karatun abin da ke rubuce, da sanin yadda inji ke buga kuɗi.

A bakin tabarma

Kayan aikin ba su cika aljihu ba: ƙaramin madubi mai ƙara girma irin na masu gyaran agogo, ɗan sikelin masu sayar da zinariya mai auna giram da ɓurɓushinsa, maganaɗisu, farin ƙyalle, da littafi ko waya mai hotunan kuɗi don kwatantawa. Sai hasken rana, wanda ya fi kowace fitila.

Ka zauna kusa da gwani ranar kasuwa ka ga yadda yake yi. Dattijo ya zo ya tsuguna, ya kwance bakin zani ko ya zaro ƙulli daga aljihun 'yar shara, ya zube kan ƙyalle. Gwani ba ya ɗaukar kuɗi ta fuska. Da ɗan yatsa da babban yatsa yake kama baki, don gumin hannu na barin tabo. Yakan fara ware su kashi-kashi: masu huji gefe guda, farare gefe guda, masu ruwan ɗorawa gefe guda. Ya bi su da maganaɗisu. Azurfa da tagulla da farin ƙarfen kwabbai ba sa kamawa, amma kuɗin 1991 da waɗanda aka fitar a watan Fabrairu 2007 suna tsalle su manne, don cikinsu baƙin ƙarfe ne. Daga nan sai shekara. Sule ko fataka daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin dubu. A 1920, da azurfa ta yi tsada a duniya, aka rage ta, sannan aka koma tagulla gaba ɗaya. Sule na azurfa yana auna giram 5.65, fataka ninkinsa, liyar kuwa giram 28 da ɗan ɗoriya.

Sai ya ɗora madubi yana neman wani ɗan harafi da ido bai cika kula da shi ba, kusa da huji a kwabbai, ko a gindin bishiyar kwakwar manja a sule. In babu harafi, a gidan buga kuɗi na gwamnatin Ingila aka yi shi. In H ne, kamfanin Heaton na Birmingham ne. In KN ne, kamfanin King's Norton ne, shi ma a Birmingham. In SA ne, daga Pretoria ta Afirka ta Kudu ya zo. Akwai ma sulen 1920 mai harafin G, na kamfanin Gaunt, wanda samunsa ke da wuya ƙwarai. Kwabo biyu na shekara ɗaya na iya bambanta a daraja nesa ba kusa ba, saboda wannan ɗan harafi kaɗai.

“Baba, wannan liyar taka fa?”

“Ai ka ga shekararta, ɗan nan. 1780. Ta girmi jihadin Shehu.”

Nan ne gwani kan yi haƙurin bayani. Mariya Tereza ta rasu a 1780, amma da yake fatake daga Habasha zuwa Yaman zuwa Borno ba sa karɓar wata dala sai mai wannan hoto da wannan shekara, sai aka ci gaba da buga ta da 1780 ɗin, a Biyana, daga baya har a Rum da Landan da Faris da Bombay. Liyar da ke hannun dattijon tana iya zama ta zamanin kakansa, tana iya zama ƙanwar ɗansa. Darajarta mafi yawa ta azurfar da ke jikinta ce.

Inda inji ke tuntuɓe

Wanda bai san yadda ake buga kuɗi ba, ba zai gane kuskurensa ba. Ana murza ƙarfe ya zama falle, inji ya yanko ƙwayoyi zagayayyu, a huda waɗanda za a huda, a tayar musu da baki. Sannan a sa kowace ƙwaya cikin wani zobe, tsakanin hatimi biyu na ƙarfe mai tauri, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, a danna da ƙarfi bugu ɗaya. Abin da aka sassaƙa ya lotsa a jikin hatimi, shi ke fitowa tudu a jikin kuɗi. Kowane mataki yana da irin nasa kuskure.

Na farko, kuskuren ƙwaya. Wani lokaci inji kan yanka a inda ya riga ya yanka, ƙwaya ta fito da giɓi mai lanƙwasa a gefe. Wani lokaci hujin kan kauce daga tsakiya ya ci rubutu, ko ƙwaya ta tsallake mahudi gaba ɗaya, a sami kwabo ko anini marar huji. Akan kuma sami ƙwayar wani kuɗin ta faɗa cikin injin wani, a buga hatimin kwabo a kan ƙarfen da ba nasa ba.

Na biyu, kuskuren hatimi. In hatimi ya tsage saboda yawan aiki, ƙarfe kan shiga tsagar, sai a ga siririn layi ya taso a fuskar kuɗi. In wani yanki ya ɓalle a bakin hatimi, sai a ga dunƙulen ƙarfe a wurin. In tun wajen yin hatimin zane ya hau sau biyu, sai harufa su fito da inuwa, kowane harafi da ɗan'uwansa a gefe. Mafi shahara a wannan fanni shi ne ƙaramin kwabon Amurka na 1955, wanda shekararsa ma biyu-biyu take fitowa.

Na uku, kuskuren bugu. Ƙwaya ta zauna a karkace, hoto ya tafi gefe guda ya bar fili fayau a ɗaya gefen. Ko kuɗi ya ƙi fita a sake buga shi. Ko ya manne a jikin hatimi ya zama shi ne ke buga na bayansa, sai na bayan ya fito da hoto iri ɗaya a fuska biyu, ɗaya tudu, ɗaya a lotse kuma a juye. Ko hatimi ɗaya ya sassauta ya juya, ta yadda in ka riƙe kuɗi a tsaye ka juya shi, bayansa ya fito a kwance.

Alfadari

Akwai kuskure guda da ya fi duk waɗannan daraja, masu tara kuɗi suna kiran sa alfadari, don hatimi biyu da ba na gida ɗaya ba ne suka haife shi. Kuɗin da kakanninmu suka kashe suna da irinsa har uku da aka tabbatar, dukkansu kwabbai ne masu harafin H.

Sarki Edward na Takwas ya hau gadon Ingila a watan Janairu 1936, ya yi murabus a watan Disamba na shekarar. A Ingila kanta ba a kai ga fitar da kuɗi da sunansa ba, amma a Afirka ta Yamma an fitar da anini da ɗari da kwabo, tun da kuɗi mai huji ba ya bukatar hoton sarki, suna kawai ake rubutawa. Kamfanin Heaton a lokacin yana buga wa Afirka ta Gabas nata kuɗin mai huji, mai girma kusan ɗaya da kwabonmu. Sai aka sami ranar da ma'aikaci ya ɗauko hatimin fuskar kuɗin Gabas ya haɗa da hatimin bayan kwabon Yamma. Abin da ya fito, bayansa tauraro ne da shekarar 1936, fuskarsa kuwa santi goma take faɗa, babu rubutun Larabcin da aka sani a kwabo.

Na biyu kwabo ne na 1945 mai sunan Edward, shekara tara bayan ya bar sarauta. Na uku kwabo ne na 1956 mai sunan Sarki George na Shida, alhali ya rasu tun 1952, 'yarsa Elizabeth ke kan gado. Irin wannan tuntuɓe bai ƙare da zamanin da ba, don ko a 2008 gidan buga kuɗin Ingila ya fitar da wasu ƙananan kuɗin canji masu darajar kwabo ashirin, babu shekara a jikinsu sam, saboda an haɗa tsohon hatimi da sabo.

Darasin da ke nan shi ne mai tantancewa dole ya haddace jerin sarakunan da shekarunsu: Edward na Bakwai har 1910, George na Biyar har 1936, Edward na Takwas a 1936 kaɗai, George na Shida har 1952, sai Elizabeth. Suna a fuska, shekara a baya. In suka dace, kwabo ne kamar kowane. In suka saɓa, to a ajiye shi gefe a sake dubawa da kyau. Mutane da yawa sun ji labarin sarkin da bai shekara ba, suna zaton duk kwabon Edward na 1936 dukiya ne. Ba haka ba ne, miliyoyi aka buga, yana cikin waɗanda aka fi samu. Wanda ake nema shi ne wanda fuskarsa da bayansa suka ƙaryata juna.

Kuskure ne ko rauni?

A nan sana'ar ta fi wuya, domin kuɗin ƙasar Hausa sun sha wuya a hannunmu. An huda sule an rataya a wuya, an jera sisi a kitson 'yan matan Fulani, an lanƙaya wa fataka kunne an yi abin ado, an sa kwabo mai huji a ƙarƙashin kan ƙusa wajen rufin kwano, yara sun daka shi da dutse. Cikin kuɗi ɗari masu aibi da za a zube gaban gwani, zai yi wuya ya sami ɗaya da aibinsa na inji ne. Don haka yakan fara da zaton rauni ne, sai hujja ta tilasta masa ya ce kuskure ne.

Hujjojin kuwa a jikin ƙarfen suke. Layin da tsagar hatimi ta haifar tudu ne, farce na tuntuɓe da shi, kuma launinsa ɗaya da sauran fuskar. Ƙarzanar wuƙa rami ce, ƙarfe ya tattaru a gefenta. Giɓin da inji ya yi bakinsa sumul ne, harufan da ke kusa da shi suna dusashewa sannu a hankali, kuma bakin da ke daura da shi ta ɗaya ɓangaren yakan fito da rauni. Giɓin magagari kuwa yana da sawun haƙora, harufa kuma a yanke suke ƙaf. Hujin da aka yi a gidan buga kuɗi tsaf yake, na ƙusa yana turo ƙarfe ta baya. Kwabon da bai taɓa ganin mahudi ba ya fi 'yan'uwansa nauyi, tsakiyarsa kuma shafe take babu zobe, amma wanda aka toshe hujinsa aka goge, madubi na nuna da'irar toshiyar, launin ma ba ya zama ɗaya.

Alfadari ma ana ƙera na ƙarya. A sami kwabo biyu, a goge bayan wannan da fuskar wancan, a manne su. Maganinsa shi ne a bi bakin da madubi a nemi layin haɗi, a auna nauyi, sannan a koma wa dabarar mahauta, a saurari amo. Ƙarfe biyu da aka lanƙaya ba ya kuka irin na ƙarfe ɗaya. Na zubi kuwa fuskarsa na da ƙananan ramuka, harufansa sun yi laushi, babu kaifi.

Sai babbar doka, wadda ake karya ta kullum da kyakkyawar niyya: kada a wanke. Uwar gida takan ga kuɗi sun yi baƙi, ta sa toka da lemon tsami ko jiƙon tsamiya ta dirje su har su yi walƙiya, wai don su fi tsada. Wannan baƙin da shekaru suka shafa shi ne shaidar tsufa, kuma a ƙarƙashinsa ne ƙananan alamun da ake dubawa suke. Dirza ɗaya na iya kwashe mafi yawan darajar kuɗi, ba kuma ta dawowa.

Ciniki da amana

Kuɗin da aka tattaro daga ƙauyuka hanya uku suke bi. Na azurfa da suka suɗe suna tafiya wurin maƙeran fari, a narka a yi zobe da munduwa da adon linzami. Na gama-gari suna zuwa Kurmi da shagunan kayan tarihi, a sayar wa baƙi da ɗalibai da masu sha'awa a farashi mai sauƙi. 'Yan ƙalilan masu wuyar samu su ne ke haurawa waje, inda gidajen gwanjo na Landan irin su Spink da Noonans ke sayar da su, kamfanonin Amurka irin su NGC da PCGS kuma ke duba su, su ba su maki, su rufe cikin roba. Akwai littafin da David Vice ya wallafa a 1983 kan kuɗin Afirka ta Yamma, wanda masu wannan fanni ke komawa gare shi. Fataken Hausawa sun daɗe da riƙe cinikin kayan tarihi daga Kano har Abijan, don haka hanyar a buɗe take. Abin da ya yi ƙaranci shi ne ilimin da zai sa a san abin da aka ɗauko.

Wannan sana'a ce da mai saye ya san abin da mai sayarwa bai sani ba, kuma a nan ne ake gane mutumin kirki. Tsohuwa ta kawo zaren kwabbai tana neman kuɗin magani, a cikinsu akwai na 1956 mai sunan George. Babu wanda zai kama dillali in ya haɗa duka ya biya kuɗin ƙarfe. Amma ya ci haƙƙi, kuma Musulunci ya hana cin dukiyar mutum ta hanyar rufe masa darajar kayansa. Dillalin ƙwarai cewa yake yi, “Inna, waɗannan ga kuɗinsu, wannan ɗaya kuwa ki riƙe, ko ki ba ni in kai birni a gani, abin da aka samu mu yi magana.” Wanda ya yi haka sau ɗaya, duk ƙullin da aka kwance a unguwar wurinsa za a kawo.

Ta ɗaya ɓangaren kuma akwai 'yan damfara, waɗanda suka mai da tsoffin kuɗi tarko. Za a yaɗa a WhatsApp ko Facebook cewa wani Bature na neman kwabo kaza a kan miliyoyi. Wani ya kira ka ya ce ya ga hoton naka, shi ne ainihin wanda ake nema, sai dai ka turo kuɗin gwaji ko na rajista. Wani kuma ya sayar maka da kwabon da tsada, da alkawarin mai saye na nan tafe gobe. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Ƙa'idar mai sauƙi ce: mai sayen gaskiya shi ke biya, ba ya neman a biya shi, kuma ba ya yanke farashi bai riƙe kaya a hannu ya auna ba.

Abin da ya kamata a yi

Babbar asarar ba ta 'yan damfara ba ce, ta tukunyar narka ce. Kowace shekara ana auna tsoffin kuɗi tare da tsoffin tukwane da wayoyin wuta, a kai su inda ba a dawowa, ba tare da wani ya ɗora musu madubi ba. Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Ba a sake buga anini, kuma duk wanda ya narke ya tafi da shaidar harajin da wani ya biya da gyaɗar da wani ya noma.

Gyaran ba mai tsada ba ne. Babban Bankin Najeriya yana da gidan tarihin kuɗi a Abuja, Kano na da Gidan Makama, amma yaron Kibiya ba lallai ya taka ko ɗaya ba. Masarautar Rano, wadda tun 2024 ta ƙunshi Rano da Kibiya da Bunkure, za ta iya tanadar akwatin gilashi guda a fada ko a wata makarantar sakandare, a jera wuri da liyar da anini da ɗari da kwabo da taro da sisi da sule da fataka, har zuwa naira biyu ta ƙarfe, kowanne da shekararsa da bayaninsa da Hausa. Gidaje da yawa za su bayar da nasu kyauta in sun san za a rubuta sunan kakansu a ƙasa. Malamin tarihi zai sami abin nunawa, malamin lissafi ma haka.

Matasan da ke yawo da waya a hannu kuwa, ga sana'a nan da jarinta bai wuce madubi da sikeli da haƙuri ba. Ba za ta sa kowa ya yi kuɗi dare ɗaya ba, kuma duk wanda ya ce za ta yi, a guje shi. Amma wanda ya zauna da tsofaffin 'yan kasuwa ya koyi amon azurfa, ya zauna da maƙeran fari ya koyi halin ƙarfe, ya haddace sarakuna biyar da harufa huɗu, ya kuma riƙe gaskiya da masu kawo masa kaya, zai ci halalinsa, kuma ta hannunsa ne ƙasar Rano za ta san abin da ya dace ta sayar da abin da ya dace ta ajiye wa jikokinta.